Yadda ake auna nisan jirgin sama daga ƙauyen Sakkwato zuwa Legas, da yadda ake shirya tafiyar

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne. Shekara da shekaru yana loda buhuna a wani ƙauye da ke bayan Illela, mota ta kama hanyar kudu, shi kuma ya zauna gaba kusa da direba har kasuwar Mile 12 a Legas. Bana ƙafa ta fara damunsa, sai 'ya'yansa suka ce wahalar ta isa, ya bar yara su bi mota, shi ya hau jirgi ya tarbi kayansa a can. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe waya, ya rubuta sunan garinsu da sunan Legas, wani shafi ya ba shi amsa nan take: mil 500 da 'yan kai, tafiyar awa ɗaya.

Kawu ya kira ni, don ni ke koyar da lissafi a dangi. Ya ce, "Malam, wai gaskiya ta, in yi asuba gida in yi walaha Ikko?"

Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, jirgin da suka lissafa maka a bakin rumbunka zai tashi."

Shafin bai yi ƙarya a lissafinsa ba. Ya ja layi miƙaƙƙe tsakanin wuri biyu, ya raba da gudun jirgi, ya ba da amsa. Abin da bai sani ba shi ne babu filin jirgi a ƙauyen, kuma tsakanin ƙofar gidan Kawu da matakalar jirgi akwai kabu-kabu, akwai tasha, akwai shingayen hanya. Don haka duk wanda zai yi irin wannan tafiya yana bukatar ya san nisa iri uku: nisan tsuntsu, wato layi miƙaƙƙe daga ƙauye zuwa birni, nisan da jirgin zai ci da gaske daga fili zuwa fili, sai nisan da jiki zai ji, wanda da awoyi ake ƙirga shi. Ga yadda ake fitar da kowanne.

Da farko, nemo lambobin wurin, ka rabu da sunansa

Nan mutane suka fi yin kuskure. Sunayen garuruwanmu suna maimaita kansu. Tudun Wada nawa ke ƙasar Hausa? Sabon Gari fa? Balle waɗanda suka fara da Gidan wane ko Tungar wane. Ka rubuta sunan ƙauyenku, taswira ta ɗauko maka takwaransa na Kaduna ko na Neja, ta ba ka nisa, kai kuma ka riƙe. Wani lokaci ma ƙauyen ba ya cikin taswirar sam, sai ta ajiye ka a hedikwatar ƙaramar hukuma ba tare da ta gaya maka ba.

Maganin wannan shi ne lambobi biyu da kowane wuri a doron ƙasa yake da su. Ta farko tana nuna yadda wurin ya yi arewa daga layin da ya raba duniya biyu a tsakiya. Ta biyu tana nuna yadda ya yi gabas daga layin da ya ratsa Landan. Nijeriya gaba ɗayanta tana arewa da layin farko, tana gabas da na biyu, saboda haka ina gaya wa ɗalibaina su kira su lambar arewa da lambar gabas, a huta. Da digiri ake auna su.

Ka tsaya a fili a cikin ƙauyen, ba cikin ɗaki mai rufin kwano ba. Ka kunna alamar nuna wuri a wayarka, ka buɗe Google Maps, ka jira shuɗin ɗigon ya daina yawo. Sai ka danna yatsa a kansa ka riƙe har jar alama ta fito. Lambobi biyu za su bayyana, ta farko ita ce ta arewa, ta biyu ta gabas. Rubuta su a takarda. Wayar tana karɓar wannan bayani daga tauraron ɗan'adam ne kai tsaye, don haka ko sabis ya yi rauni za ta iya gano inda kake, sai dai hoton taswirar ya ƙi buɗewa. Idan kana birni ne, ƙauyen kuma yana nesa, ka sa wani ɗan'uwa ya turo maka wurin da yake tsaye ta WhatsApp.

Na ƙauyen Kawu sun fito kusan 13.7 arewa, 5.3 gabas. Filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja yana wajen 6.6 arewa, 3.3 gabas.

Wata wayar tana nuna lambar da wata siga, kamar 13°42'. Kada ka karanta ta 13.42. Wannan 42 ɗin minti ne, kuma minti 60 ke cikin digiri ɗaya, kamar na agogo. Ka raba 42 da 60, ka sami 0.7, ka ɗora a kan 13. Wanda ya tsallake wannan ya zubar da kilomita 30 bai sani ba.

Lissafin kansa

Kewayen duniya kimanin kilomita 40,000 ne, kuma digiri 360 ke cikin da'ira. Ka raba, kowane digiri ya tashi a kilomita 111. Wannan lamba ita ce jarin duk aikin, ka haddace ta.

Ɗebe lambar arewa ta Ikeja daga ta ƙauye: 13.7 a cire 6.6, saura 7.1. Ninka da 111, ka sami kilomita 788. Iyakar gangarawar da za a yi kudu ke nan.

Sai lambar gabas: 5.3 a cire 3.3, saura 2. A nan ba za ka ninka da 111 ba. Dubi kabewa: layukan da ke jikinta suna da faɗi a tsakiyar ciki, suna matsewa yayin da suka nufi wajen kara. Haka layukan gabas suke a jikin duniya. A Legas digiri ɗaya na gabas ya kusa kilomita 111, a Illela ya ragu zuwa wajen 108. Ka ɗauki tsakiya, 109. To 2 sau 109 ya ba da kilomita 218. Wannan shi ne yadda Legas ta karkata yamma da mu.

Yanzu kana da gefe biyu na gona: tsawo 788, faɗi 218. Jirgi ba zai bi kan iyakar gona ba, ratsawa zai yi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Lissafin Fitagoras da aka yi mana a sakandare, muna cewa ina amfaninsa, yau ga ranarsa. Ninka 788 da kanta, ka sami 620,944. Ninka 218 da kanta, ka sami 47,524. Haɗa su, 668,468. Buɗe kalkuletar waya, ka nemo alamar √, ka sa wannan jimla. Amsa: kimanin kilomita 818.

Lura da abu ɗaya. Karkatar nan ta yamma, duk da ta kai kilomita 218, kilomita 30 kacal ta ƙara a kan 788. Saboda haka idan sauri kake yi, daga ko'ina a jihar Sakkwato zuwa Legas, bambancin lambar arewa sau 111 ya riga ya kai ka kusa da amsa.

Wanda ba ya son ninkawa yana iya sa taswira ta yi masa. Bayan jar alamar ta fito, ka jawo bayanan da ke ƙasa, ka nemi inda aka rubuta "Measure distance", ka ja taswirar har ɗigon ya sauka a Ikeja. Za ta ba ka adadin da bai yi nisa da namu ba. Ni dai na fi son mutum ya yi da hannu ko sau ɗaya ne, don ranar da waya ta ba shi shirme zai gane.

Wannan hanya ta gona tana aiki ne a tafiya irin ta cikin ƙasa. Zuwa Fatakwal ma za ta yi, za ka sami wajen kilomita 900 daga filin Sakkwato. Amma idan nisa ya kai na Jidda, kimanin kilomita 3,700, lanƙwasar duniya ta shigo cikin maganar sosai, sai a bar wa na'ura.

Mil ne ko kilomita?

Ɗan Kawu ya ga 500 da 'yan kai, ni na sami 818, kuma duk abu ɗaya muke faɗa. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, don haka 818 ya zama mil 508. Akwai kuma mil na matuƙa jirgi da na ruwa, wanda ya kai kilomita 1.852, a wannan ma'auni nisan 442 ne. Kafin ka yi gardama da kowa a majalisa, ka duba harafin da ke bayan lambar.

Nisan da jirgi zai ci

Jirgi daga fili yake tashi. Namu shi ne filin Sultan Abubakar III, wanda aka sa wa sunan Sarkin Musulmi Abubakar na uku da ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Yana kudu da birnin Sakkwato, ta hanyar Bodinga, a wajen 12.92 arewa, 5.21 gabas. A tikiti za ka ga an rubuta SKO, Legas kuma LOS, Abuja ABV. Ka maimaita lissafin ɗazu da lambobin filin, ka sami kimanin kilomita 735 zuwa Ikeja. Idan ka ja layin a taswira za ka ga ya ratsa ta wajen Yawuri da tafkin Kainji kafin ya shiga ƙasar Yarbawa. Matuƙi ba ya bin layin daidai wa daida, akwai hanyoyin sama da masu kula da zirga-zirga suke ɗora shi a kai, akwai kauce wa hadari, akwai kewayawa kafin a ba shi izinin sauka. Ka ƙara kaɗan a kai.

Jiragen fasinja irin su Boeing 737 da Embraer suna gudun wajen kilomita 800 a awa idan sun daidaita a sama. Ka raba 735 da 800, ka sami minti 55. Amma jirgi ba ya fara gudun nan daga ƙasa. Sai ya gangara titinsa, ya jira, ya hau, can kuma ya rage gudu ya sauko. Ƙara rabin awa. Tafiya kai tsaye daga Sakkwato zuwa Legas, ka sa mata awa ɗaya da minti 20 zuwa awa ɗaya da rabi.

Kai tsaye ɗin ne ba kullum ake samu ba. Sau da yawa ta Abuja za a bi, ko dai jirgin ya sauka ya ɗebi mutane ya wuce da kai, ko ka sauka ka canza wani. Sakkwato zuwa Abuja kimanin kilomita 490 ne, Abuja zuwa Legas kimanin 510. Jimla 1,000. Wato wanda ya bi ta Abuja ya ci kusan nisan da motar albasa za ta ci a ƙasa, ta Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Oyo da Ibadan. Sabuwar babbar hanyar da gwamnatin tarayya ta fara a 2024 daga Illela zuwa Badagry ma kilomita 1,068 aka tsara mata. Abin da jirgi ke saye maka shi ne gudu, kowane zango wajen awa ɗaya, sai zaman jira a Abuja wanda shi ne ba shi da ma'auni.

Nisan da jiki zai ji

A nan za ka zauna da biro, ka fara daga lokacin tashin jirgi ka riƙa komawa baya. Kada ka fara daga gida ka yi gaba, zuciya za ta yi ta rage maka mintoci.

A ce jirgi zai tashi ƙarfe 12 na rana. Ana so ka kasance a fili awa biyu kafin nan, ƙarfe 10 ke nan, domin ana rufe karɓar kaya tun kafin lokacin tashi, kuma wanda ya zo bayan an rufe, ko yana hango jirgin ta taga, ya rasa shi. Daga tashar mota a cikin Sakkwato zuwa fili, ratsa gari daga arewa zuwa kudu, ka ware minti 40 zuwa awa ɗaya. Mun koma ƙarfe 9. Daga Illela zuwa Sakkwato, ta Gwadabawa da Kware, kimanin kilomita 85 ne. A takarda tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce, amma hanyar kan iyaka ce, akwai shingen kwastan da na sauran jami'ai, kowanne sai an rage gudu, wani sai an buɗe but. Ka ba ta awa biyu. Ƙarfe 7. Motar haya ba ta tashi sai ta cika, wannan kuma ba a hannunka yake ba, sai dai in za ka biya kuɗin kujerun da suka rage ko ka ɗauki shata. Ware mata awa ɗaya. Ƙarfe 6. Daga ƙauye zuwa Illela a kan kabu-kabu, rabin awa idan rani ne, idan damina ce kuma rafi ya kawo, Allah ne masani. Ka ga mun isa sallar asuba, kuma ba mu bar wa fashewar taya ko minti ɗaya ba.

Shi ya sa shawarata ga duk wanda ƙauyensa ya wuce tafiyar awa biyu daga birni ita ce ya kwana Sakkwato. Ba wanda ya rasa ɗan'uwa ko ɗan garinsu a birni. Kuɗin tikiti ya fi ƙarfin a yi caca da shi a kan cikar mota. Ga mutanen gabas, wajen Isa da Sabon Birni da Goronyo, maganar ta wuce ta lokaci: halin tsaron hanyoyin nan sananne ne, ba a fita da duhu, ba a dawowa da duhu. A tambayi direbobin tasha yadda hanya ta kwana kafin a hau. Ranar Lahadi kuma kasuwar Illela ke ci, mota tana cika da wuri amma hanya tana cika da manyan motoci da dabbobi, sai ka san wanda ka zaɓa.

Yanzu haɗa ɗaya ɓangaren. Jirgi ya tashi 12, ya sauka Abuja wajen ƙarfe 1, jira awa biyu ko uku, a tashi, a sauka Legas wajen 5 na yamma, a jira kaya rabin awa, a fito a faɗa cikin cunkoson masu tashi daga aiki. Awa ɗayan da shafin intanet ya yi alkawari ta zama yini guda cur. Duk da haka ta fi kwana a hanya a gaban babbar mota, musamman ga dattijo mai ciwon ƙafa.

Duba wata kafin ka sayi tikiti

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne sarki a nan. Idan ƙurar hunturu ta yi kauri har matuƙi ba zai hango titin sauka daga nisan da doka ta gindaya ba, jirgin ba zai taso daga Abuja ba ma, balle ya ɗauke ka. Ana iya ɗage tafiya awoyi, ana iya soke ta. Wanda ke da ganin likita ko ranar kotu ko jarrabawa a Legas cikin waɗannan watanni, ya sa kwana ɗaya ko biyu a tsakani. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin hazo, ana kuma faɗa a rediyo. Da damina matsalar tana komawa can kudu, inda ruwan Yuni da Yuli kan sa jirgi ya yi ta kewaya sama ko ya jira a ƙasa. Lokacin jigilar alhazai kuma filinmu yana cika da maniyyata da masu rakiya, sai ka ƙara lokacin isa.

Sayen tikiti

Jadawalin jirage yana canzawa, don haka abin da wani ya hau bara ba hujja ba ne. Ka shiga shafin kamfanin da kanka, ko ka je ofishinsu a fili, ko wurin wakilin da aka sani da shago a gari. Ka guji mai tallan tikiti mai rahusa a Facebook wanda zai ce ka tura kuɗi asusun wani mutum. Bayan an biya za a ba ka wata lamba gajera, haruffa gauraye da alƙaluma. Ka koma shafin kamfanin ka sa ta, ka tabbata sunanka da ranarka sun fito.

Sunan da ke tikiti ya zama daidai da na katin shaida, ko na ɗan ƙasa, ko na zaɓe, ko lasin tuƙi, ko fasfo. Mu nan mutum yana da sunan yanka, da laƙabi, da sunan gari, kowa kuma da wanda ya san shi da shi. Yaron da zai saya wa tsoho tikiti ya ɗauki katin a hannu ya kwafa harafi bayan harafi.

Lambar wayar da za a bayar ta zama wadda ke samun saƙo. Ƙauyukan bakin iyaka da yawa sabis ɗin Nijar ya fi kama su, layin Nijeriya sai an hau tudu. Idan an canza lokacin jirgi ta saƙo ake sanarwa. Gara a sa lambar ɗan'uwan da ke birni.

Idan ta Abuja za ka bi, ka yi ƙoƙari zango biyun su kasance a tikiti ɗaya na kamfani ɗaya. Haka ne kawai jinkirin jirgin farko zai zama nauyinsu. Idan ka sayi biyu daban daga kamfani biyu, na farko ya makara, na biyu ya tafi, asarar taka ce. In dole ta sa, ka bar aƙalla awa huɗu a tsakani. Idan kamfani ne ya soke tafiya, kana da haƙƙin a mayar maka da kuɗinka ko a sa ka a wani jirgi, kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, tana da jami'an karɓar koke. Kada ka yar da takardar komai.

Farashi yana hawa yayin da rana ke matsowa, yana kuma tashi gab da sallah da ƙarshen Disamba.

Kaya

Nauyin da aka yarda maka yana rubuce a tikitinka, ka auna jakarka a sikelin masu hatsi tun a gida, don abin da ya haura sai an biya. Kilishi yana wucewa lafiya idan an naɗe shi da kyau. Man shanu da zuma su shiga babbar jakar da za a karɓa, a ɗaure bakin gora, a sa a leda biyu. Wuƙa, aska, almakashi, duk kada su kwana a aljihu ko jakar hannu, za a karɓe su a wurin bincike. Batirin cajin waya kuma akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan da za su shiga cikin jirgi ta ƙasa. Maganin hawan jini ko na suga ya zauna a aljihun riga. Dattijon da tafiya ke yi wa wuya, a nema masa keken guragu tun lokacin sayen tikiti, ana bayarwa.

Wanda bai taɓa hawa ba zai ji kunnensa ya toshe lokacin hawa da sauka. Ya tauna goro ko cingam, ya riƙa haɗiyar yawu, zai buɗe. A yi alwala kafin a shiga. Maganar ƙasaru kuwa, tafiyar ta ninka nisan da malamanmu na Malikiyya suke faɗa, wato baridi huɗu a ma'aunin tafiya na da, sau da yawa, sai a tambayi malami yadda za a haɗa salloli idan jira ya yi tsawo. Agogo ɗaya muke bi da Legas, amma kowane digiri na gabas minti 4 ne na rana, don haka rana tana karkata a can kimanin minti 8 bayan ta karkata a Illela. Ka bi kiran sallar inda ka sauka.

Saukar Legas

Jiragen cikin gida suna sauka a ɗayan wuri biyu a Ikeja, MMA2 ko GAT, kuma duka biyun daban suke da ɓangaren jiragen ƙasashen waje. Ka tambayi kamfanin wanne ne nasu, ka gaya wa mai tarbarka, in ba haka ba kana nan yana can kuna ta kiran juna. Agege, inda 'yan'uwanmu suka yi kaka-gida tun da daɗewa, tana maƙwabtaka da filin. Mile 12 ba ta kai kilomita 20 ba, ta Maryland da Ojota da Ketu, amma da yamma wannan ɗan nisan yana iya cin lokacin da jirgi ya ci daga Abuja. Mai zuwa cikin tsibiri sai ya hau gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12. Mai zuwa Apapa ko Alaba Rago ya ƙara haƙuri. A yi cinikin mota kafin a shiga, ko a kira ta manhaja, kuma kada a miƙa jaka ga wanda ya zo da fara'a yana cewa an aiko shi, sai an kira wanda ya aiko shi an ji daga bakinsa.

A dawowa ka juya lissafin. Jirgin da zai sauke ka Sakkwato bayan la'asar ya riga ya yanke maka hukuncin kwana a birni.

Kawu ya bi wannan tsari. Motar albasa ta tashi ranar Litinin da yamma, shi ya shigo Sakkwato ranar Talata ya kwana gidana, Laraba da hantsi na kai shi fili. Ya kira ni daga Abuja yana ƙorafin sanyin ɗakin jira, ya sake kira bayan isha'i daga Mile 12. Motar ta riga shi isa da awa uku, yara har sun fara sauke buhuna.